Gansakukar Baturiya

Ƙanwata Tabawa ce ta fara ba ni wannan labari, shekarar da ta dawo daga Riyad. Lokacin arzikin mai ya buɗe, ko'ina gini ake yi.

Akwai wata yarinya a unguwar Jaradiya, can Riyad. Babanta direba ne. Yana tuƙa wata Baturiya 'yar ƙasar Sikotland.

Baturiyar tana da wata kwalba mai gansakuka a ciki, kore shar. Ta ce a garinsu akwai tafki, da 'yar hanya cikin itatuwa a bakinsa. Ko tsohuwa da yaro suna iya zagaye ta. Nan ta yi yawon ƙarshe da mahaifiyarta kafin ta rasu. A gindin wata bishiya suka ɗebo gansakukar.

Da za ta je Jidda, sai ta ba yarinyar ajiya. Ta ce, "Inuwa kawai take so. Kin ji?"

Yarinya ta sa kwalba a ƙarƙashin gado. Sai ta ji tausayi. Ta ce a ranta, "Wane tsiro ne ba ya son rana?" Ta kai ta saman bene, ta tafi makaranta.

Kun dai ji labarin zafin ranar Riyad. Kafin la'asar gansakuka ta koma kamar ƙanzo.

Ummanta ta riƙe haɓa. "Ke! Wa ya aike ki?"

"Umma, tausayinta na ji."

"Bakinki ciwo yake da ba ki tambaye ni ba?"

Baba ya daɗe yana kallon kwalbar. Ya ce, "Ni ba zan faɗa mata ba. Ke za ki faɗa."

Ranar da Baturiya ta dawo, yarinya ta miƙa mata kwalba, ta ce, "Ni na sa ta a rana."

Matar ba ta yi faɗa ba. Hawaye kawai ta share. Wallahi wannan ya fi duka ciwo. Can ta ɗiga ruwa a ciki da cokali. Ta ce, "Koma da ita. Inuwa."

Jikokina, in an ba ku amana, ku yi yadda aka ce. In ba ku gane ba, ku tambaya.

Washegari da sassafe yarinyar ta leƙa kwalba. A gefe ɗaya ga ɗan kore kamar ƙwayar gero. Ko takalmi ba ta sa ba, ta ruga. "Baba, yalla, yi sauri, tada mota mu je mu nuna wa Baturiya!"