Ba a Same Ta a Gida Ba

"Karanta."

Abin da Dogo ya ce ke nan, ya dire waya a kan teburin Auta, tsakanin kofin shayinta da kwamfuta. Ko sallama bai yi ba, shi da ke gaida har masinjan ofis da hannu biyu.

Auta ta ɗauka. Ta san saƙon kalma-kalma, don ita ta gyara rubutunsa bara: "An rufe fayil ɗinki na kulawa a gida, saboda an zo sau uku ba a same ki ba." A ƙasa an sa, "Jami'ar tsara ziyara."

Jami'ar tsara ziyara ɗaya ce tak a ofishin nan, kuma ita ce.

"Wannan... wayar Inna ce?"

"A'a, ta maƙwabta ce na aro."

"Haba masoyi..."

"Kar ki kira ni haka yanzu! Kwana tara mai gashin ƙashi bai zo ba. Maganin suga ya ƙare, ba a kawo wani ba. Matar da ta shekara biyu a kan gado, ita ce ba ku samu a gida ba? Ina ta je? Kasuwa?"



"Inna ta ce a dakatar da komai," ya ce, wannan karon a hankali. "Ta ce wadda ta goge ta tun ba ta shigo gidan ba, in ta shigo sai kuma yaya?"

Ya ɗauki wayar ya fita. Saura mako biyar a ɗaura musu aure.

Aikin ofishin ba shi da wuyar faɗi. Akwai marasa lafiyar da asibiti ya sallama ba don sun warke ba, masu shanyewar ɓarin jiki, masu suga, masu ciwon da ya zo zama. Su ake bi gida-gida. Manhaja ce ke raba ranakun ziyara, ita ke tura odar magani, ita ke tuna wa mai gashin ƙashi gidan da zai je. Duk ma'aikaciyar jinyar da ta isa ƙofa sai ta danna ɗaya cikin uku a kwamfutarta ta hannu: an gani, ya ƙi, ko ba a same shi ba. In "ba a same shi ba" ya jeru sau uku, manhaja sai ta ɗauka mutum ya tashi daga unguwar, ta jefa shi cikin jerin waɗanda za a rufe.

Jerin nan gaban Auta yake zuwa duk ranar Alhamis, mutum hamsin ko sittin. A ƙasansa akwai wani koren maɓalli da aka rubuta wa "amince da duka". Wadda ta koya mata aiki shi take dannawa, wadda ta koya wa waccan ma haka. Ba wanda ya taɓa zama ya karanta sunaye sittin alhali wayoyi uku na kuka a lokaci guda.

A ɗaya daga cikin wayoyin nan ma ta san Dogo. Malamin makaranta ne, kullum da safe sai ya kira ya ji ƙarfe nawa za a zo wa mahaifiyarsa, ko da kuwa saƙo ya riga ya shiga wayarsa. Wata uku ana haka kafin ta gane ba lokacin ziyara yake tambaya ba. Da magana ta yi ƙarfi, ta sanar da shugabarta kamar yadda doka ta ce, aka toshe mata fayil ɗin Inna. Daga ranar, Inna ta koma lamba a kwamfutarta. Wanda ya tsara manhajar ya tuna ya ɓoye mata sunan, ya manta ya hana ta rufe shi.

Ita kuwa Inna tun farko ba ta yi na'am ba. "Yarinyar kwamfuta," haka take kiran ta. Wadda take wa ɗanta kwaɗayi ita ce Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba ta, 'yar aminiyarta, mai hannu mai sanyi da bakin da ya iya tsofaffi.

Auta ta shanye shayin da ya huce, ta miƙe ta ƙwanƙwasa ƙofar shugaba.

"Ranki ya daɗe, ina so a buɗe fayil ɗin Inna."

"Kin san ba ki da izini."

"Na sani. Ke za ki buɗe, ni zan juya baya."

Ta kuwa juya, ta fuskanci kalandar bango. Ta ji shugaba tana danne-danne, can ta ji ta yi tsaki.

"Litinin uku a jere, ba a same ta ba. Sista ce ta danna."

"Na'urar awon suga fa? In an auna, ai da kanta take tura sakamako ta kwamfutar hannu."

Shugaba ta sake dannawa.

"Ikon Allah," in ji shugaba. "Ƙarfe goma da minti huɗu an auna sukarinta. Goma da minti shida ba a same ta a gida ba. Duka ranakun uku."

Aka kira Sista. Ta shigo fes cikin farin kaya, ta ga allon, ba ta ko yi ƙoƙarin musu ba.

"Ni ban bar ta ba," ta ce. "Har jiya na je, na juya ta, na wanke mata baya. Ku tambaye ta."

"To me ya sa kika danna ƙarya?"

Sista ta dubi Auta sama da ƙasa. "Ni dai na danna nawa. Wa ya danna na ƙarshe? Da ta karanta ai da ta gani."

Abin haushin shi ne gaskiya ta faɗa.

Bayan ta fita shugaba ta cire tabarau ta murza ido. "An buɗe fayil ɗin, gobe komai zai dawo. Sista kuma za ta amsa tambaya a sama. Ke kuwa, zan rubuta wa iyalan cewa ma'aikaciya ce ta shigar da bayanin ƙarya, manhaja ta yi sauran. Ba sai sunanki ya fito ba. Ki je ki yi aurenki."

Auta ta so ta karɓa, ta so sosai. Takarda ɗaya mai hatimi, Dogo ya dawo yana ba ta haƙuri, Inna ta ji kunya. Amma ta tuna Alhamis ɗin nan sarai. Da hannun hagu ta danna, na dama yana riƙe da waya, tana yi wa tela bayanin wuyan rigar amarcinta.

"Ki sa sunana, ranki ya daɗe."

"Takardar gargaɗi ce fa za ta biyo baya."

"Na sani."

Washegari da hantsi ta je gidan. Ɗakin Inna yana warin man zafi da sabulu. Gado a jikin taga, leda a ƙarƙashin zanin gado, kwalaben magani a jere kan tire, rediyo ƙarami kusa da hannun da ke motsi. Dogo na tsaye bakin ƙofa ya harɗe hannu, ya sha mur.

Auta ta durƙusa har ƙasa. "Ina kwana, Inna. Ya ƙarfin jiki?"

"Au, kin same ni a gida?"

Ta haɗiye wannan. Ta faɗi komai yadda ya faru, awon suga da mintuna biyun nan, da abin da Sista ta yi. Dogo ya saki hannuwansa.

"Ka ji ko, Inna! Na ce miki ba za ta..."

"Ban gama ba," Auta ta katse shi. "Sista ta sa ki a jerin, ku sittin, amma ni na rufe. Ban karanta ba. Ba na karantawa dama, duk Alhamis. Ko da sunanki ne a rubuce ɓaro-ɓaro maimakon lamba, Inna, da na danna."

Dogo ya yi tsuru-tsuru. Ya fara kare ta ke nan, ta ƙwace masa sandar.

Inna ta ɗaga ido ta dubi silin.

"Yarinyar nan da na goya," ta ce, Sista take nufi. Ba ta ƙara komai a kanta ba. Can ta juyo da ido. "Ni lamba nawa ce?"

"Dubu huɗu da ɗari biyu da sha bakwai."

"Yanzu kin haddace."

"Jiya na haddace."

"Sauran hamsin da taran fa? Su ba su da ɗan da zai zo ya buga miki tebur."

"Jiya na zauna na kira su ɗaya bayan ɗaya. Biyu suna nan, ba inda suka je. An buɗe nasu. Na kuma roƙa a cire maɓallin."

Inna ta yi wata 'yar dariya ta gefen baki ɗaya, wanda ciwo ya bar mata.

"Shekara biyu ban ga bakin titin nan ba. Da kunne nake sanin an yi sabon shago. Sai ga na'urarku ta ce na fita yawo har sau uku." Ta dubi taga. "Wallahi da aka karanta min saƙon, kafin raina ya ɓaci sai da na ce ina ma gaskiya ne."

Nan idon Auta ya kawo ruwa, abin da bai yi ba a ofis.

"Tashi ki kama min ƙafar nan, ta sage. Ba haka ba, 'yar nan, ba kwamfuta ba ce! Sa hannu ƙarƙashin gwiwa... yauwa." Ta harari ɗanta. "Kai kuma ka tsaya min a ka kamar falwaya. A bar rana yadda aka sa ta."

Dogo ya raka ta bakin ƙofar gida, yana ta susar ƙeya.

"Hasken idona... na yi miki ihu gaban mutane."

"Ka yi."

"Kin yafe?"

"Zan duba jadawali in ga ko akwai wuri."

Aka ɗaura aure a ranar da aka sa. Takardar gargaɗi ta shiga fayil ɗin Auta ta zauna, koren maɓalli ya ɓace daga allo, Alhamis ta koma ranar da ba ta tashi aiki da wuri. Aka mayar da Sista wani sashe inda ba a ba ta kwamfutar hannu. Shugaba kuma, garin bin fayil ɗin Inna layi-layi, ta tarar da buƙatar keken marasa lafiya da aka shigar tun wata goma sha huɗu, tana jiran wani ya danna mata.

Wata Litinin da safe, cikin hutun amarcin Auta, wayarta ta yi ƙara. Sabuwar ma'aikaciyar jinya ce, muryarta a rikice.

"Anti, ina ƙofar gidanku tun ɗazu, ba kowa! Gadon ma na leƙa ta taga, wayam. Me zan danna?"

Auta ta taka birkin keken a gaban sabon shagon, inda Inna ta sa Dogo ya ɗago mata bokitin roba na uku tana ƙwanƙwasawa, tana cewa duk ba su da ƙwari.

"Kash, mun sha'afa yau Litinin! Yi haƙuri, ga mu nan..."

"Wa ke nan?" in ji Inna.

"Mai jinya ce, wai ba ta same ki ba."

"Miƙo nan." Ta karɓa da hannun mai lafiya, ta kara a kunne. "'Yata, kina ji na? Danna ba a same ta a gida ba. Danna da kyau. Na fita."