Mota Ɗaya, Lamba Biyu

Ranar da motar Tasnim ta mutu a gaban makarantar da take koyarwa a garin Zarƙa, makanikai biyu suka duba suka ce ciwon na ƙwaƙwalwa ne, sai masu kwamfuta. Haka aka jawo ta shagon Ƙusai.

Wani dogo ne, marar yawan magana. Ya durƙusa ya jona waya a ƙarƙashin sitiyari, ya ɗora kwamfuta a cinya, ya sake loda wa ƙwaƙwalwar injin manhajarta, mota ta tashi. Maimakon ya zare wayar, sai ya tsaya yana kallon allo, ya dubi agogon kilomita, fuskarsa ta sauya. Ya tambaye ta inda aka sayi motar. Ta ce mahaifinta ne ya saya bara wurin Muhannad, ɗan amininsa. Sai ya roƙe ta ta turo masa baban nata.

Tasnim kuwa, wadda ko ɗalibi ya ce mata yana ciwon kai sai ta taɓa goshinsa, ta ce a ranta in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Ba ta turo kowa ba. Amma lambarsa ta zauna a wayarta, wai saboda mota.

Motar ba ta ƙara ciwo ba, saƙo dai bai fasa zuwa ba.

"Malamata, yaya mai jiki? In ba ta tari, ki ce tana yi, in samu dalilin ganinki."

"Bokan mota, ba na ƙarya, ko don kai. Akwai shagon kunafa, kayan zaƙin nan, kusa da makaranta, ni da yayata muna zuwa ranar Alhamis."

Alhamis takwas suka yi, son shi ya kama ta sosai. Abu ɗaya ne yake damunta: duk lokacin da ya ga motar sai ya kau da kai, ya ce akwai maganar da sai gaban babanta zai faɗa.

Da maganar aure ta kai kunnen mahaifinta Abu Mu'az, tsohon direban bas, ya ce sam. Masu shiga ƙwaƙwalwar mota su ne masu mayar da tsohuwa budurwa, in ji shi, kuma wanda ya saba yi wa ƙarfe ƙarya ba zai ji kunyar mace ba. Ga Muhannad dillalin motoci, ɗan gida, ya daɗe da neman aurenta yana jiran amsa.

A makon nan Muhannad ya turo mata hoto. Ƙusai ne a cikin wata farar mota a filin Muhannad, agogon kilomita a kwance a cinyarsa. A ƙasa ya rubuta, "Tambayi bokanki dalilin da ya sa na kore shi."

Ta buɗa hoton da yatsa biyu, ta ga ƙunar sigari a kujerar gaba. Motarta ce, kullum jakarta take ɗorawa a kan ƙunar nan. Kwana uku ba ta ɗaga wayar Ƙusai ba, a na huɗu ta rubuta masa, "Wane ne kai?"

"Gobe bayan la'asar zan zo gidanku. Ki ajiye motar a ƙofa, Malamata."

Ya zo da kwamfutarsa. Ya jona waya, ya juya wa Abu Mu'az allon. Agogo yana cewa dubu saba'in da ɗaya. Ƙwaƙwalwar giya kuwa, wadda ke riƙe nata lissafin ba ruwanta da agogo, tana cewa dubu ɗari biyu da hamsin da uku. Ya bayyana masa cewa mai gaggawa agogo kawai yake taɓawa, don shi mai saye ke kallo.

Abu Mu'az ya ce, "Muhannad ne ya yi wannan?"

"Shi ya sa, Baba. Amma hannun da ya yi, nawa ne. Ita ce ta ƙarshe, washegari na bar masa aikin. Ban san gidan da za ta shiga ba."

Tasnim tana bakin ƙofa tana kallo. Tsohon ya daɗe yana kallon allon, sannan ya tambaya ko ƙwaƙwalwar tana rubuta sunan wanda ya taɓa ta. Ƙusai ya ce a'a. Ya sake tambaya ko zai iya goge lambar nan ta biyu tun ranar farko. Ya ce aikin minti goma ne. Tsohon ya shige gida.

Da kansa ya mayar wa Muhannad motar, ya ajiye masa makulli a tebur ko zama bai yi ba. Maganar Ƙusai kuma bai tayar ba har sati uku, Tasnim ta rame. Rannan suna karyawa ya ce da ita, ba tare da ya ɗago ba, ta gaya wa yaron ya turo manyansa.

Dattawa suka cika falo ran Juma'a. Aka miƙa wa baffan Ƙusai kofin gahawa, ya ajiye a gabansa, ya ce ba za su sha ba sai an ba su abin da ya kawo su. Abu Mu'az ya bar gahawar ta huce, Tasnim tana bayan labule tana murza mayafinta.

"Shekara arba'in ina tuƙi, ban taɓa yarda da agogo ba," ya ce. "Wannan yaron ya nuna mini lambarsa ta gaskiya alhali zai iya goge ta. Ku sha gahawarku."

Aka karanta Fatiha, mata suka ɗauki guɗa, aka yi ta sa albarka. Wayar Tasnim ta yi motsi a hannunta.

"Malamata, har yanzu ana zargina?"

Ta share hawaye ta rubuta, "Kullum, bokana. Amma daga yau a gidanka zan riƙa binciken."