Mai Gyara Wa Kausar Sunayen Fayil

Ranar da Kausar ta fara aiki a wani ƙaramin kamfanin gina shafukan intanet a unguwar Kabong, hoton farko da ta saka sunansa "sabon hoto FINAL na gaske (2)". Mahdi, mai haɗa shafukan, ya dafe kai. Ya taso zai yi faɗa, da suka haɗa ido sai faɗan ya gudu ya bar shi tsaye.

"Malama, a nan ƙananan haruffa muke sawa, babu tazara. Kwanan wata a gaba, sai abin da ke ciki."

"To oga, na ji."

Ina ta ji! Kullum sai ta ɓata, kullum sai ya jawo kujera gefenta ya gyara. Duk ofis an gano su, shi kaɗai bawan Allah yake zaton koyarwa yake yi. Kafin ya farga ya zama "Ogana", ita kuma "Rigimata".

Da maganar aurensu ta isa gidan su Kausar a unguwar Ali Kazaure, mahaifinta Malam Isa tela ya ce sam.

"Ba zan ba da ’yata ga wanda ban ga sana'arsa da idona ba."

Washegari fayilolin Kausar suka zo tsaf, ko ɗigo babu na gyarawa. Mahdi ya sake dubawa, bai ga kuskure ba. Ya tura mata saƙo:

"Rigimata, yau komai daidai. Laifin me na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Baba ya ƙi. In ka zauna kusa da ni kuka zan yi."

Ran Asabar ya tafi shagon Malam Isa gaisuwa. Ya tarar da dattijon yana ta laluben waya, yana neman hoton marigayiya mahaifiyar Kausar a cikin tarin hotunan ɗinki, kowanne sunansa lamba.

"Baba, a ba ni in gwada."

Duk hoton da ya samo sai ya tambaya, wace shekara ce, ina ne, su waye. Malam Isa yana faɗa, shi yana rubuta sunan. Ga ranar sunan Kausar, ga dawowar marigayiyar daga Makka. Tun yana amsawa a daƙile har ya koma ba da labari, yana share ido da hannun riga. Mahdi bai katse shi ba ko sau ɗaya.

"Dama aikin naka ke nan?"

"Wani ɓangare ne, Baba. Don kada abu ya ɓace."

Dattijon ya daɗe yana kallon hoton matarsa.

"Ka turo manyanka."

Bayan Sallah aka ɗaura aure, aka yi ta sa albarka. Ranar da suka koma ofis, Mahdi ya buɗe aiki ya ci karo da "hoto SABO kar ka taɓa (3)". Ya yi murmushi, ya jawo kujerarsa gefen matarsa.