Maɓallai Biyar a Aljihun Dama

Ranar da Kafinta ya fara ganinta, goye yake da ƙanwarsa Auta. Shekarar yarinyar sha huɗu, ciwon gaɓoɓi ya raba ta da makaranta wata shida, likita ya tura su wani ɗaki a bayan asibiti inda ake koya wa matasa zama da ciwon da ba ya tafiya.

Malamar ɗakin ta ce ya sauke ta, taku uku ne zuwa kujera. Ya buɗe baki zai yi gardama, sai idonsa ya sauka kan yatsun malamar, a lanƙwashe kamar na Auta. Ya sauke ta. Auta ta yi takun nan uku tana cije leɓe, shi kuwa ya tsaya sororo kamar ya ga teburi ya tsaya da ƙafa ɗaya.

Malama na da wata dabara. Kowane yaro maɓallai biyar take ba shi a aljihun dama, ta ce ƙarfinsa ke nan na yini. In ya yi wanka ko karatu, sai ya mayar da ɗaya aljihun hagu. In sun ƙare a huta, ba kunya. Ita ma da nata, tun tana 'yar sha uku.

Kullum sai Kafinta ya sami abin gyara a ɗakin, har yara suka fara tsokanarsa wai kujerun sun gaji da lafiya. Malama ta sa masa suna Mai Guduma, shi ya sa mata Sanyin Idona.

Wata rana ya sassaƙa maɓallai ashirin na katako, ya goge su suna sheƙi, ya kai mata, wai don ƙarfinta ya ƙaru. Ta karɓa ba murmushi. Kwana biyu ba ta ɗaga wayarsa ba, sai a na uku saƙo ya shigo:

"Mai Guduma, biyar Allah ya ba ni, kuma na iya zama da su. Ba ƙari nake nema ba. Wanda zai zauna kusa da ni in sun ƙare nake nema."

Ya daɗe yana juya wayar kafin ya rubuta:

"Ki yafe ni, Sanyin Idona. Na yanka katako ban auna ba. Zama kuwa na iya, kujera sana'ata ce."

Da maganar aure ta iso gida, Umma ta tsayar da keken ɗinkinta. Ta ce ba ƙin yarinyar take ba, amma ta san abin da jinya ke ci, ba za ta so ɗanta ya ƙare rayuwarsa yana ɗauka yana saukewa ba. Ga 'yar ƙawarta nan, lafiyayya kamar doki. Auta, wadda a lokacin ta koma makaranta, ta ce ai ko dokin yakan gaji. Umma ta jefe ta da ƙyalle.

Malama ta ce za ta zo gaisuwa da ƙafarta. Gidansu Kafinta kuwa hawa na uku ne a bene. Da ya ce zai tallafe ta, kallo ɗaya ta yi masa, ya mayar da hannayensa baya. Tana hawa tana hutawa, yana biye da ita a natse, Umma na leƙe daga sama.

A bakin ƙofa Malama ta sa hannu a aljihun dama, ta ciro maɓalli, ta mayar hagu, sannan ta gaida Umma cikin ladabi.

"Saura nawa, 'yar nan?" in ji Umma, don ta san lissafin a wurin Auta.

"Shi ne na ƙarshe, Umma. Tun safe nake tattalinsa saboda ke."

Umma ta dubi ɗanta, ta ga bai ruɗe ba, ya jawo kujera kawai ya ajiye wa Malama, ya zauna a ƙasa kusa da ita. Can Umma ta share ido da gefen mayafi, ta ce shekara talatin tana dasa maɓalli a rigunan mutane, ba ta taɓa sanin ɗaya zai yi nauyi haka ba.

Ita ta ɗinka rigar amarya da hannunta, ta hana kowa gani. Ranar biki, yaran ajin na zaune a kujerun da ango ya gyara, amarya ta shafa gefen rigar, ta ji aljihu biyu a ɓoye cikin ɗinkin, da maɓallai biyar a na dama.

Umma ta dafa kawunansu ta ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma, in sun ƙare, ka san wurin zamanka."