Batirin Gangar Masara

Da la'asar sakaliya, Orval Kubena ya ɗora batir a bayan a-kori-kurarsa, ya kama hanyar gonar tsohuwa Ofelia, inda ya shekara tara yana hayar daji don farautar barewa. Kwana goma sha tara ke nan a jere yana wannan tafiyar. Matarsa Maxine ta raka shi ƙofa da ƙorafi, wai ko budurwa ya ajiye a dajin nan ai ya kamata ya huta ran Lahadi. Bai ko waiwayo ba.

Kamar kowane mafarauci a yankin Llano, Orval yana da gangar masara a kan ƙafafu uku. Ƙarfe biyar da rabi ɗan injin da ke gindinta zai juya ya watsa masara, barewa su ji ƙarar su fito. Taku saba'in daga nan akwai rumfar fako a kan dogayen ƙafafu, mai 'yar taga ɗaya. A ciki yake zama da bindigarsa da kofinsa, yana koya wa Boyd, mijin 'yarsa Carlene, abin da yake kira ilimi.

"Wata biyu kana ciyar da su, kada ka taɓa ko ɗaya," in ji shi. "Bari su saba da lokaci, su saba da hanya. Ran da ka ga sun sunkuya ba sa ɗaga kai, ka gama."

Orval ba yunwa ke kai shi daji ba, mugunta ce, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Bara ya harbi wata barewa mai ɗa a ƙugu da gangan, ya bar ta tana kuka har ɗanta ya dawo nemanta, ya haɗa su biyun ya kashe. Boyd ya kasa cin abinci ranar. Orval ya yi ta ba da labari a gari cewa ashe limamin coci ya aura wa 'yarsa.

Bana ne ya matsar da gangar cikin wani kwari, ƙarƙashin tsofaffin itatuwa bakwai da rassansu suka sarƙe, domin a nan ya hango wani namijin barewa mai ƙaho reshe goma sha biyu. Ofelia ta gaya masa ko a zafin Agusta shanun mahaifinta ba sa kwanciya a inuwar nan, wurin yana da masu shi, irin mutanen da ba a gani. Ya ce to su fito su taya shi sauke buhu.

Matsalar ita ce rana ba ta shiga wurin. Farantin sola da ke kan gangar, mai cajin batirin injin, ya zama ado. Ya cire shi ya kafa a fili, ya ja waya taku hamsin. Kurege ya cinye wayar. Ya zura sabuwa a cikin bututu ya binne, ya sayo faranti mai ninkin girman na da. Da tsakar rana in ya auna batirin cike yake, amma kafin biyar da rabi ya mutu murus. Shi kuwa Orval gara ya rasa yatsa da ya rasa ƙahon nan. Don haka kullum sai ya yi cajin wani a gida ya kawo da hannu.

Ya ajiye motar a bakin shinge kamar kullum. Ya bi 'yar hanyar da ƙafarsa ta fitar a cikin ciyawa. A fili da sauran haske, amma yana shiga inuwar sanyi ya kama masa wuya.

Ba kukan tsuntsu. Ba ƙarar ƙwaro. Sai ganye busasshe a ƙarƙashin takalminsa, da warin masara mai ruɓa, da wani wari a bayansa, kamar na fata da aka manta a ruwa.

Masarar jiya tana nan a ƙasa. Da ta shekaranjiya. Sai yanzu ya lura babu sawun barewa ko ɗaya a wurin. Sawun takalminsa ne kawai, a kan layi ɗaya, zuwa wuri ɗaya, inda gwiwoyinsa suka yi rami biyu a gindin gangar.

Ya miƙa hannu ya zare wayar mataccen batirin. Sabon yana hannunsa na hagu, bai haɗa ba.

Injin ya juya.

Masara ta watsu, tana dukan ƙafafunsa, tana ƙara a kan ganye. Ya duba agogonsa. Biyar da rabi daidai.

Namijin barewar yana tsaye taku goma daga gare shi. Bai ji zuwansa ba. Ga ƙahon, reshe goma sha biyu. Amma haƙarƙarinsa ba ya motsi, hancinsa ba tururi. Ƙuda ya sauka a kan idonsa, idon bai ƙifta ba. Daga jikinsa warin yake fitowa.

Can baya, wani abu ya yi ƙara a hankali. Orval ya san ƙarar, domin ya daɗe yana cewa zai sa mata mai. Tagar rumfarsa ce ake buɗewa.

Shi ya kulle rumfar. Makullin yana aljihunsa.

"Yanzu?" Raɗa ce, amma ta iso kunnensa kamar a kafaɗarsa aka yi ta.

"Tukuna," wata murya ta amsa. Muryarsa ce, da irin jan da yake yi in yana koyar da Boyd. "Bari ya sunkuya."

Gwiwoyinsa sun riga sun fara lanƙwasa. Kwana goma sha tara sun koya musu.

Ya ciji harshensa har ya ji jini.

Ya saki batirin, ya yi tsalle gefe, cikin ƙaya, ba ta hanyarsa ba. Wani abu ya wuce inda kansa yake ɗazu, ba ƙara, sai iska mai sanyi. Hularsa ta tafi.

Ya yi gudu. Reshe ya tsaga masa kunci. Bai waiwaya ba.

Yana tsallake shinge, wandonsa a yage, ya ji su dab da ƙeyarsa.

"Ya ji iskarmu."

"Ƙyale shi. Ya riga ya saba da lokaci."

Ya gaya wa Maxine faɗuwa ya yi. Washegari ya rantse shi da dajin har abada, amma ƙarfe biyar ya tsinci kansa a cikin mota, makulli a hannu. Rana ta biyu sai da ya kai gidan mai kafin hankalinsa ya dawo. Rana ta uku, hannunsa na kan ƙofar shingen Ofelia. Tsoro ya shige shi irin wanda bai taɓa sani ba. Shi mafarauci ne, ya san mai fako ba ya komawa gida hannu wofi.

Ran Lahadi suna cin gasasshen naman sa a gidan Carlene, wadda ke da tsohon ciki, Orval ya ajiye makullin rumfar a gaban Boyd. Ya ce ƙafarsa ta tsufa, wurin da ƙahon duk ya bar masa.

"Batir kawai za ka riƙa canzawa, biyar da rabi. Akwatin batirin yana ƙasa, ɗana, sai ka sunkuya sosai."

Bai taɓa ce masa ɗana ba. Idon Boyd ya ciko, ya tashi ya rungume shi. "Na gode, Baba. Na ɗauka ba ka ƙaunata." Carlene ta ƙara wa mahaifinta nama.

Daga ranar ƙafafun Orval suka daina jan sa zuwa dajin. Boyd ya yi kwana goma sha takwas yana zuwa yana dawowa, yana ba da labarin ƙahon. A na goma sha tara, motarsa aka samu a bakin shinge. Batirin yana cikin akwati, an haɗa waya ɗaya, ɗayar tana lilo. Karnukan 'yan sanda suka ƙi shiga inuwar.

Carlene ta dawo gidan iyayenta da jaririnta. Orval yana cin abincinsa, yana barcinsa, har ƙiba ya yi.

Wata yamma a farkon hunturun da ya biyo, Maxine ta zuba busasshen wake a tukunya. Ƙarar ta cika gidan, kamar ta masara a kan ganye. Da ta juyo, mijinta yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Agogon bango ya nuna biyar. Shi da bakinsa ya sha faɗa wa Boyd cewa wurin da ya ba ka nama sau ɗaya ba a barinsa. Ashe masu dajin ma haka suka sani.

Ya daɗe yana duban matarsa, sannan ya dubi 'yarsa. A hankali ya tambaye su wace ce a cikinsu ta iya canza batir.