Minti Ɗaya na Shiru

Dutse na farko ya faɗo kan rufin kwano daidai lokacin da Hedimasta ya tsuguna zai yi alwalar magariba. Ya ɗaga kai ya dubi sama, sannan ya dubi agogonsa. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa kafin ya yi ritaya, ya san jifa in ya ji ta, ya kuma san ba ta rasa hannu a bayanta. Ya ɗauki butarsa ya zagaya gidan. Babu kowa a lungun, sai iska da ta tsaya cik.

Washegari duwatsu uku suka faɗo. Ya ɗauko sabon littafin rubutu, ya ja layi da rula: rana, lokaci, adadi. Niyyarsa in shafi ya cika ya kai wa 'yan sanda. Abin da ya kasa rubutawa shi ne, duwatsun da ɗuminsu yake tsintar su, kuma gutsuren siminti ne mai jan fenti a gefe guda. Duk unguwar babu gini mai irin wannan fenti.

Su uku ne a gidan: shi, da matarsa, da Auta. Auta tana ajin ƙarshe a jami'a, a sashen kafofin sadarwa na zamani, saura mako uku ta kare aikinta na kammalawa a gaban malamai. Ita da wani ɗan ajinsu da ake kira Dogo suka haɗa fim na minti ashirin a kan wani tsohon gidan sinima mai jan fenti da rufinsa ya rufta. Dogo ne da kyamara, ita ce da sauti. Kullum tana ɗaki gaban kwamfuta, abin sauraro a kunne, tana yanka tana ɗinkewa. In ta fito kuwa babu mai sakat. Uwarta takan ce, “Aku, ki bar bakin nan ya huta mana, ko rediyo ana kashe shi.” Ita kuma ta ce, “Inna, ranar da na yi shiru ke za ki fara kuka.”

A yamma ta tara da fara jifar aka ɗauke wuta. Gidan ya yi tsit, irin shirun da ke sauka tsakanin kiran salla da tayar da ita. Cikin wannan shirun Hedimasta ya ji lasifikar ɗakin Auta tana guna. Muryar mace ce, can ƙasa, babu kalma a cikinta, tana hawa tana sauka kamar mai rarrashin jariri. Ya tura ƙofa. Wayar lasifikar tana yashe a ƙasa, ba a jone take da komai ba. Auta na zaune a kan siminti, ta rungume matashi tana jijjiga shi.

“Auta.”

Ta ɗago. Idanun nata ne, kallon ba nata ba ne.

“Bai yi barci ba,” in ji wata murya mai kauri daga bakinta. “Kwana arba'in bai yi barci ba.”

Uwar ta dafa bango. “Malam, wannan ba na asibiti ba ne.”

Duk da haka asibiti ya fara kai ta, don shi mutum ne mai bin abu daki-daki. Aka auna, aka ce gajiyar karatu ce. Sai da ta ciji hannun uwarta sannan ya aika aka kira mai ruƙiyya, wani dattijo siriri mai furfura a gemu, wanda Hedimasta da kansa ya koya wa lissafi a aji uku.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Mai ruƙiyya ya zauna ya kama karatu, muryarsa ba ta tashi ba ta faɗi. Inuwar katanga ta rarrafo har ta rufe ƙafafun Auta. Can sai ta sandare, ta yi wani nishi mai tsawo.

“Wace ce ke?” in ji mai ruƙiyya.

“Uwa ce.”

“Me kike nema a jikin 'yar mutane?”

“Abin da ta ɗauka. Ku kira dogon nan, ya sani.”

Aka kira Dogo a waya. Ya iso yana haki, ya tsuguna nesa da tabarmar. Hedimasta ya tsare shi da ido kamar ɗalibin da ya makara, ya ce ya yi bayani tun daga fari, kada ya tsallake komai.

Dogo ya ce ƙa'idar aikin ce. Malaminsu ya koya musu cewa duk inda aka gama ɗauka, sai kowa ya yi shiru na minti ɗaya a naɗi shirun wurin, don a riƙa cike giɓi da shi wajen haɗa fim, saboda kowane ɗaki da irin shirunsa. Ranar ƙarshe rana ta kusa faɗuwa, suka tsaya tsakiyar gidan sinimar, Auta ta ɗaga makirfo, suka yi shirun. Da suka dawo suka ƙara ƙarfin sautin, sai suka ji wannan gunan a ƙarƙashinsa. Suka ɗauka iska ce a cikin bututu.

“Iska!” in ji muryar, ta yi dariya marar daɗi. “Ɗana nake rarrashi, da waƙar da uwata ta rarrashe ni. Mu in aka naɗi abu daga bakinmu, ya bar bakin ke nan. Mai gadin wurin kun ba shi takarda ya sa hannu kafin ku ɗauki muryarsa. Mai sayar da tikiti ma kun ba shi. Ni wa ya tambaye ni? Ko sallama kun yi?”

Hedimasta ya sunkuyar da kai. Shekara huɗu ana koya wa yara yadda ake kama murya, babu malami ɗaya da ya ce musu a yi sallama kafin a shiga kango.

“Za a mayar miki,” in ji mai ruƙiyya. “Yaya ake mayarwa?”

“A shafe ta. In babu ita a ko'ina, za ta dawo bakina.”

Aka fito da kwamfutar. Dogo ya goge na cikinta. Ya goge na katin na'urar naɗin sauti, ya goge na wayarsa.

“Saura,” in ji muryar.

Sai da Hedimasta ya daka masa tsawa sannan Dogo ya ce, ai gunan ya yi masa daɗi, ya sa shi a ƙarƙashin ɗan tallan fim ɗin, ya ɗora a intanet tun wata guda da ya wuce. Malaminsu ma ya yaba, ya ce haka ake jawo masu kallo.

“To ka je ka karɓo,” in ji mai ruƙiyya.

“Malam, ba a karɓowa. Zan iya cire nawa, amma mutane sun kwafa, sun tura wa wasu. Ya wuce dubu huɗu.”

Mai ruƙiyya ya ajiye tasbaharsa. Sannan ya ɗaga murya ya ce zai ƙona ta da ayar Allah in ba ta fita ba.

“Ƙona ni. Sai ka bar shi babu waƙa babu uwa. Kai malami ne, ka yi hukunci: wa aka zalunta?”

Mai ruƙiyya ya dakatar da karatun.

“Zan fita,” in ji ta. “Jifa ma ta ƙare. Amma da muryar yarinyar zan tafi, in rarrashi ɗana da ita. Ranar da aka shafe kwafin ƙarshe, in mayar.”

Uwar ta fashe da kuka. Hedimasta ya matso har gwiwarsa ta taɓa tabarmar. “Baiwar Allah, ɗauki tawa. Na gama amfani da ita.”

“Taka ta tsawa ce, Hedimasta. Yaro ba ya barci da ita.”

Mai ruƙiyya ya ja, ya roƙa, ya rage, bai samu komai ba sai rantsuwa: ba za ta sake shiga jikin ba, kuma za ta cika alkawari. Ana kiran magariba Auta ta yi atishawa sau uku, ɗan yatsan ƙafarta na hagu ya karkaɗa, ta sulale. Da ta farfaɗo ta dubi mahaifinta, leɓɓanta suka haɗu suka rabu sau biyu. Ya gane Baba take cewa. Ko iska bai ji ba.

Daga ranar Hedimasta ya koma rubuta wasiƙu. Ya rubuta wa sashen, da hannunsa, da buƙatu uku masu lamba: a goge fim ɗin daga ma'ajiyarsu, a fitar da sanarwa kowa ya goge nasa, a bar Auta ta kare aikinta a rubuce. Sau shida yana zuwa yana zama kan benci a bakin ofis. Amsar da ta fito layi huɗu ce: aikin da aka miƙa ya zama mallakin jami'a, kare aiki kuma da baki ake yi, ɗalibar ta dawo baɗi in ta samu sauƙi. Dogo ya tsaya shi kaɗai gaban malamai, aka ba shi maki mafi girma, aka yaba sautin musamman.

Ranar da ya karɓo amsar, a motar haya ya dawo. Wayar mutumin da ke kusa da shi ta ɗauki ƙara, sai ga gunan nan, yana hawa yana sauka. Hedimasta ya jira ya gama magana, ya gaishe shi da ladabi, ya roƙe shi ya goge. Mutumin ya dube shi, ya ga furfura, ya goge.

“Don girmanka, Baba. Amma matata ba za ta yarda ba. Jaririnmu ba ya barci sai da ita. Duk matan layinmu sun tura wa juna, ko mai ciwon ciki ne aka kunna masa, minti ɗaya ya yi luf.”

Hedimasta ya buɗe littafinsa, a shafin da ya ja wa sabon layi don ƙirga waɗanda aka goge, ya rubuta: ɗaya.

Ya iso gida rana na faɗuwa. Babu jifa, babu guna. Uwar na zaune bakin ƙofar ɗaki, ta kunna rediyo don kada shirun ya yi yawa. Auta na tsaye jikin taga, ta kara kunnenta a ƙarfen. Ta yafito shi da hannu, ta nuna masa yamma. Ya kashe rediyon ya tsaya kusa da ita. Can nesa, ta wajen tsohon gidan sinima, siririyar muryar da ya sani tun tana koyon cewa Baba tana rarrashin ɗan wata.