Kalanzir a Kwalbar Lemo

Ƙawata, matso ki ji yadda auren Autata ya kusa rushewa saboda kofin madara.

Kin san likita ce a ɓangaren gaggawa, ta ƙware kan waɗanda suka sha guba, kuma duk inda ambaliya ta kori mutane daga gidajensu, da ita ake tafiya. To, malamin makarantar da ke sonta, Hajiyarsa ta kafe: "Matar da waya ɗaya za ta ɗaga ta daga gaban tukunya? Ba dai ɗana ba!"

Da ƙyar ya lallashe ta ta yarda Auta ta zo gaisuwa. Tana durƙushe a falo, kai a ƙasa, sai ihu daga ɗaki. Jikan Hajiya, ɗan Babban Yaya wan malamin, ya fito yana tari, bakinsa sai warin kalanzir. Hajiya ta zabura ta ciko kofi da madara.

"Ku danne shi! A ɗura masa, a sa yatsa ya amayar!"

Auta ta yi tsalle ta buge kofin, madara ta wanke zanen Hajiya.

"Kar wanda ya sa shi amai! Huhunsa zai shiga!" Ta juya ga saurayin. "Malam, ka tsaya kallona? Ta da mota, emajansi ne!"

Tana cire wa yaron riga ta tambayi Hajiya a hankali nawa ya sha. Tsohuwa ta raɗa mata: "Kurɓa ɗaya. Ni na zuba a kwalbar lemo, na manta ta a gindin gado."

A asibiti aka sa masa oksijin, numfashi ya daidaita. Babban Yaya ya iso yana huci.

"Wane marar hankali ne ya ajiye kwalbar? Yau sai na ji!"

"Yaya, sori, nan ba kotu ba ce," in ji Auta. "Ɗanka na nemanka, shiga ka riƙe masa hannu."

Yaro ya warke, amma dangi suka ɗauki zancen kofi: tun ba a ɗaura ba ta daka wa suruka tsawa! Hajiya kuwa ba ta kare ta ba. Auta ta kwanta a cinyata tana kuka.

"Umma, shi ke nan na rasa shi."

Na ce, "Haƙuri, 'yar nan. Allah ya ga hannun da ya buge kofin, ya ga dalili."

Ta share hawaye, ta tafi sansanin 'yan ambaliya. Ba ta dawo ba, sai ga Hajiya da kanta a ɗakina. Ta kama hannuna ta faɗa mini komai.

"Kullum jira nake in ji zancen kwalbar a bakin wani. Ko ɗana ba ta gaya wa ba. Ana zaginta saboda ni, ta yi gum. Ku sa rana!" Sai ta yi dariya cikin hawaye. "Amma ta biya ni zanena."

Alhamdu lillahi! Ranar na yi sujada har goshina ya yi zafi. Kin gani, ƙawata, wanda ya yi haƙuri ya rufa asirin wani, Allah ba ya barinsa ya taɓe.

Har gobe Babban Yaya bai san mai kwalbar ba. Don Allah, abin ya tsaya tsakanina da ke, ko maigidanki kar ya ji.